Yadda Ake Ganowa Da Gyara Lalacewar Ƙafafun Gaba Na Mota Bayan Karo

Gabatarwa

A ci gaba da ƙoƙarin wayar da kan jama'a game da kiyaye rayuka da dukiyoyi a kan hanyoyinmu, wannan karon mun ga ya dace mu yi bayani a kan wani al'amari da masu motoci da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi, wato lafiyar ƙafafun gaba na mota bayan ta yi karo. Bayanin ya shafi kowa, amma mun fi yin sa ne domin jama'ar Jabo, Dogon Daji, Sanyinna, Tambuwal da kuma garuruwan Ƙaramar Hukumar Kebbe, tare da jami'an da ke kula da motocin hukuma a waɗannan yankuna.

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega a Jihar Kebbi, hanya ce da ba ta rabuwa da manyan motoci da motocin haya dare da rana. Hanyoyin da ke shiga ƙauyuka kuwa akasari na burji ne ko na rairayi, ga ramuka da zaizayar ruwa a lokacin damina, ga shanu da jakuna da raƙuma masu tsallaka titi, musamman a ranakun kasuwa. Saboda haka ƙananan haɗurra ba baƙin abu ba ne. Abin da aka saba gani shi ne, da zarar an miƙe bamba, an sa sabuwar fitila, an fesa fenti, sai mota ta koma tasha ta ci gaba da lodi. Sau da yawa irin wannan mota kyan ɗan maciji ne da ita, domin ɓarnar da ta fi haɗari tana can ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa.

Dalilin Da Ya Sa Ƙafafun Gaba Ke Da Muhimmanci

A yawancin ƙananan motocin da ke bin hanyoyinmu, irin su Golf, Sharan, Vectra, Corolla da Starlet, ƙafafun gaba ne ke yin ayyuka huɗu a lokaci guda. Su ne ke ɗauke da nauyin inji da giya, wanda ya sa kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin motar da ba ta da kaya ke kansu. Su ne ke juya mota, su ne ke jan ta, kuma su ne ke yin kaso mafi girma na aikin birki. Duk wannan aiki yana gudana ne ta wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda girmansa bai wuce tafin hannun babban mutum ba.

Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta yarda wa ƙananan motoci a irin wannan babbar hanya, tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan wani ƙarfe ya tsinke a ƙafar gaba a wannan gudu, kafin direba ya fahimci abin da ya faru mota ta riga ta bar hannunta, ko ta faɗa daji ko ta shiga gaban wata.

Sassan Ƙafar Gaba

Domin mai mota ya iya fahimtar abin da bakanike ke gaya masa, ya kamata ya san waɗannan sassa da aikin kowannensu:

1. Taya da rim, su ne ke fara karɓar duka.
2. Boris, wanda ƙafa ke juyawa a kansa, yana zaune ne cikin wani ƙarfe mai kauri da ake kira nokul. A jikin nokul ne sauran sassan ke haɗuwa.
3. Lowa-am, wato hannun ƙasa, shi ne ke riƙe ƙafa da jikin mota. A bakinsa na waje akwai bol-joyin, wata gaɓa mai kama da gaɓar kafaɗar mutum, a bakinsa na ciki kuma akwai bushin roba.
4. Shokazoba da sifirin. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shokazoba kuma ke hana mota ci gaba da tsalle bayan ta wuce rami.
5. Tayarod, sandan da ke kai umurnin sitiyari zuwa ƙafa. Akwai na ciki da ke haɗe da rak ɗin sitiyari, akwai kuma na waje.
6. Sitabilaiza da 'yan sandunansa, wanda ke rage kwanciyar mota a kwana.
7. Shaf, wanda ke kawo ƙarfin inji zuwa taya.
8. Ƙarfen gicciye na ƙarƙashin inji da kuma casis, su ne tushen da duk waɗannan sassa ke ɗaure a kai.

Akwai iri biyu na ginin ƙafar gaba da aka fi samu a wajenmu. A ƙananan motoci, tun daga tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna har zuwa Golf da Corolla, shokazoba kanta tana cikin ginshiƙan da ke tsayar da ƙafa, don haka idan ta lanƙwashe ƙafar gaba ɗaya ce ke karkacewa. A Hilux da bas ɗin Hiace kuwa hannu biyu ne ke riƙe ƙafa, na sama da na ƙasa, kuma duka biyun ake dubawa.

Yadda Karo Ke Ɓata Ƙafa

Idan taya ta daki wani abu, ƙarfin dukan ba ya tsayawa a wuri ɗaya. Yana bi ne daga taya zuwa rim, zuwa boris da nokul, daga nan ya rarrabu zuwa lowa-am da tayarod da shokazoba, har ya kai ga ƙarfen gicciye da casis. Sashen da ya fi rauni shi ke fara lanƙwashewa, kuma akasari tayarod ne ko lowa-am. Idan dukan ya yi ƙarfi, ragowarsa sai ta wuce gaba. Wannan ne ya sa canza sashe ɗaya da ido ya gani ba ya isa.

Haka kuma ƙarfin duka yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ninkuwa. Motar da ta faɗa rami a gudun kilomita 80 ta sha duka ninki huɗu na wadda ta faɗa a gudun kilomita 40. Idan kuma an yi mata lodin buhunan gero ko albasa fiye da kima, abin ya ƙara muni. Ya kamata a sani cewa ba sai mota ta yi taho-mu-gama da wata ba ne ake kiran abin karo. Dukan bakin kwalbati, faɗawa rami mai zurfi, banke dabba, ko zamewa cikin kwata, kowannensu na iya ɓata ƙafa ko da jikin mota bai nuna komai ba.

Abin Da Za A Yi A Wurin Haɗari

Rai shi ne gaba da komai. A fara kula da waɗanda suka ji rauni, a sa alamar gargaɗi gaba da bayan mota, a sanar da 'yan sanda ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kuma ana samun ta a lambar waya 122 kyauta. Bayan an natsu, kafin a yanke shawarar tuƙa motar, a duba waɗannan abubuwa:

1. A tsaya a gaban mota a dubi tayoyin biyu. Shin suna kallon wuri ɗaya, ko ɗaya ta kalli gefe? Shin ɗaya ta kwanta ciki ko waje?
2. A sa yatsu tsakanin bayan taya da jikin mota a kowane gefe. Idan gefe ɗaya ya ɗauki yatsu huɗu, ɗayan kuma biyu, ƙafar ta koma baya.
3. A leƙa ƙasa ko akwai mai da ke zuba, musamman kusa da taya, inda tiyon birki yake.
4. A taka birki a riƙe. Idan yana nutsewa a hankali, man birki na zuba.
5. A juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Idan ya cije a wani wuri, ko taya na gogar jiki, akwai matsala.
6. A duba gefen taya ko ya yi ƙullutu ko ya yanke.

Idan aka ga ko da ɗaya daga cikin waɗannan, kada a tuƙa motar, kada kuma a ja ta da igiya, domin motar da ake ja da igiya tana buƙatar sitiyari da birki masu lafiya. A ɗora ta a kan babbar mota, ko a ɗaga gabanta a ja. Kuɗin ɗauka yana da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, mun san da haka, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan ba a ga komai ba, sai a sauke fasinjoji da kaya, a tafi a hankali zuwa gareji mafi kusa.

Alamomin Da Ke Fitowa Daga Baya

Wata ɓarnar ba ta bayyana sai an yi kwanaki ana hawa. Ga alamomin da abin da kowace ke nunawa a mafi yawan lokuta:

Sitiyari ya karkace alhali mota na tafiya a miƙe: tayarod ya lanƙwashe ko saitin ƙafa ya goce.

Mota na ja gefe ɗaya a kan titi mai kyau, bayan an tabbatar iskar tayoyi daidai take: lowa-am ko shokazoba ko nokul ya lanƙwashe, ko ƙarfen gicciye ya matsa.

Sitiyari ba ya komowa da kansa bayan kwana: ƙafa ta koma baya, ko rak ya ɓaci.

Sitiyari na karkarwa idan gudu ya ƙaru: rim ya lanƙwashe ko wayar cikin taya ta tsinke.

Ƙarar bugu a kan gargada: bol-joyin, bushi, sandan sitabilaiza ko mazaunin shokazoba na sama.

Gurnani mai ƙaruwa da gudu: boris ya ji rauni. Wannan kan ɗauki makonni kafin ya fito.

Ƙarar ƙas-ƙas lokacin shan kwana: gaɓar shaf ta waje.

Taya na cinyewa ta baki ɗaya cikin ɗan lokaci: saiti ya ɓaci.

Ƙofa ko bonet sun daina rufuwa daidai, ko gilashin gaba ya tsage ba tare da jifa ba: dukan ya kai ga casis.

Yadda Ake Bincike A Gareji

Muna shawartar mai mota ya tsaya a wurin lokacin da ake bincike, ya kuma nemi a yi shi bi da bi. Babbar ƙa'ida a nan ita ce kwatanta gefen da ya sha duka da gefen da bai sha ba, domin mota an gina ta ne hagu da dama daidai wa daida. Tef ɗin awo irin na magina da zare sun isa a gano mafi yawan ɓarna.

Da farko a tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, a daidaita iskar tayoyi, a miƙe sitiyari. A auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ƙafar baya a kowane gefe, sannan a auna tsayin mota daga ƙasa zuwa bakin jiki a saman kowace taya. Idan awon hagu da na dama suka bambanta da santimita guda ko fiye, akwai abin da ya lanƙwashe ko ya matsa.

Na biyu, a ɗaga motar. A nan muna jan kunnen kanikawa da yaran gareji cewa kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, domin yana iya rugujewa ba tare da gargaɗi ba. A yi amfani da matokarin ƙarfe ko katako mai kauri, a kuma danne tayoyin baya. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, boris ne ko bol-joyin. A sake kama ta gefe da gefe a girgiza. Idan ta yi wasa, a fi zargin tayarod. Sannan a juya ta da hannu ana kallon bakin rim ko yana layi, ana kuma sauraron ko boris na gurzawa.

Na uku, a cire taya a wanke laka da giris, a haska da tocila. Inda ƙarfe ya lanƙwashe, fenti ko tsatsar wurin kan ɓare ta bar sabon tabo mai haske. A dubi lowa-am ko ya yi ƙundu ko ya tsage kusa da bol-joyin. A dubi shokazoba ko tana zubar da mai, ko jikinta ya lotsa, a kuma kwatanta tazarar da ke tsakaninta da taya a gefen biyu. A dubi robobin da ke rufe gaɓoɓi, domin a ƙasarmu mai rairayi da ƙurar hunturu, robar da ta yage tana barin yashi ya gauraya da giris ya cinye gaɓa cikin 'yan makonni. A dubi nototin ƙarfen gicciye: idan an ga sawun inda noti yake zaune a da a gefensa, ƙarfen ya matsa. A bi tiyon birki da hannu daga farko har ƙarshe.

Na huɗu, a gwada rak. A ƙirga juyin sitiyari daga tsakiya zuwa ƙarshen hagu, sannan daga tsakiya zuwa ƙarshen dama. Ya kamata su zo daidai, kuma juyin ya tafi sumul ba tare da cijewa ba.

Na biyar, a auna casis a gicciye. A zaɓi noti ko rami a gaba ta hagu a auna zuwa takwaransa na baya ta dama, sannan a yi haka a ɗaya gicciyen. A manyan wuraren gyaran jiki, bambancin da ake yarda da shi ba ya wuce kimanin milimita 3. Idan ya zarce haka sosai, casis ya murɗe, kuma duk sabon ƙarfen da aka ɗaura a kansa a karkace zai zauna.

Saitin Ƙafa Iri Uku

Abin da ake kira alaimen ya ƙunshi kusurwa uku. Ta farko ita ce yadda tayoyin gaba ke kallon juna idan aka dube su daga sama, ko sun tsuke ta gaba ko sun buɗe. Ta biyu ita ce yadda taya ta jingina ciki ko waje idan aka dube ta daga gaba, masu na'ura na kiran ta kamba. Ta uku, wadda suke kira kasta, ita ce kwanciyar ginshiƙin ƙafa zuwa baya idan aka dube shi daga gefe, kamar yadda ƙafar gaban babur ta kwanta, kuma ita ce ke sa sitiyari komowa tsakiya da kansa.

A yawancin ƙananan motoci, kusurwa ta farko ce kaɗai ke da wurin saitawa, ta hanyar juya tayarod. Sauran biyun an gina su ne a jikin ƙarafan tun daga masana'anta. Ma'anar wannan ita ce, idan na'ura ta nuna kamba ko kasta sun goce bayan karo, to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, kuma alaimen ba zai warkar da shi ba. Mai saiti na iya juya tayarod har sitiyari ya miƙe, mai mota ya tafi yana murna, alhali cutar tana nan. Don haka alaimen shi ne aiki na ƙarshe, bayan an gama canza abin da ya lalace.

Ƙaramin kuskure a nan yana cin kuɗi. Idan saitin tayoyin gaba ya goce da milimita 3 kacal, a taya mai faɗin santimita 60, tamkar ana jan taya ne a gicciye har mita 5 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100 an goge ta a kwalta har rabin kilomita ke nan. Direban haya da ke zuwa Sakkwato kullum zai ga sabuwar taya ta ƙare tun bai mayar da kuɗinta ba, ga kuma ƙarin shan mai. Awon zare na iya kai mota gari, amma cikakken awo sai da na'ura, wadda aka fi samu a manyan birane kamar Sakkwato da Birnin Kebbi.

Ƙa'idojin Gyara

Babbar ƙa'ida ita ce, sashen ƙafa ko na sitiyari da ya lanƙwashe ko ya tsage, canza shi ake yi. Mun san al'ada ce a wurare da yawa a gasa tayarod ko lowa-am da wutar walda har ya yi ja, a miƙe shi da guduma, a tsoma a ruwa. Ga ido ya koma daidai, amma ƙarfen ya riga ya canza hali. Waɗannan sassa an ƙera su ne da wani gwargwadon tauri da aka auna a masana'anta. Wuta na iya sa ƙarfen ya yi laushi ya sake lanƙwashewa, sanyaya shi da ruwa kuma na iya sa ya yi gautsi ya karye farat ɗaya. Nokul kuwa sau da yawa na zubi ne, ko na alminiyam a sababbin motoci, kuma irin wannan ƙarfe idan aka tilasta shi yakan yi tsaga siririya da ido ba ya gani, wadda ke ƙaruwa da kowane rami har ranar da za ta rabu.

Haka nan ba a yi wa tayarod walda, ba a dukan bol-joyin da guduma don ya matse, ba a kuma cusa masa fata ko robar tsohon tiyub. Idan bol-joyin ya fita daga mazauninsa, ƙafa kan kwanta ne a ƙarƙashin mota nan take.

Ga tsarin da ya kamata aiki ya bi:

1. Idan casis ya murɗe, shi za a fara miƙewa, kuma a hannun mai gyaran jiki da ke aiki da awo. Ɗaure mota da sarƙa a jikin itace a fizga ba tare da awo ba yana ƙara ɓarna ne.
2. A mayar da ƙarfen gicciye mazauninsa.
3. A canza duk sashen da ya lalace. Shokazoba da sifirin an fi so a canza su biyu-biyu, hagu da dama, domin mota ta tsaya daidai lokacin birki. Sifirin a matse yake da ƙarfi mai yawa, kada a kwance shi sai da abin matse shi.
4. Nototin bushi a ƙarasa ɗaure su bayan an sauke mota ta tsaya da nauyinta. Idan aka ɗaure su tana rataye, robar za ta murɗe ta yage da wuri.
5. A sa sabuwar ƙusar tsare noti a inda ake sa ta. Ƙusar kafinta ko waya ba sa maye gurbinta.
6. A duba birki, a fitar da iska idan an taɓa tiyo.
7. Tayar da ta yi ƙullutu a gefe a jefar da ita, ba a yi mata faci. A yi wa tayoyi balansin.
8. A yi alaimen, a gwada motar ba fasinja, sannan bayan 'yan kwanaki a koma a sake duba nototi.

Sayen Kayan Gyara

A tafi kasuwa da tsohon sashen a hannu, tare da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, domin mota mai suna ɗaya na iya bambanta daga shekara zuwa shekara, kuma wasu sassan na hagu daban ne da na dama. Ko a Sakkwato aka saya, ko aka yi saƙo daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a yi sharaɗin mayarwa idan bai yi daidai ba. Kayan hannu da ake kira Beljiyam sau da yawa suna da inganci, amma a tuna cewa wasunsu daga motocin da suka yi haɗari aka ciro su. A jera shi da na gefen mai lafiya a kwatanta, a motsa gaɓarsa da hannu, a dubi robarsa. Sabon da ya yi araha fiye da kima kuwa, a yi hattara da shi, domin araha ba ta ado.

Kira Ga Jami'ai Da Shugabannin Al'umma

Motocin ƙananan hukumomi, motocin ɗaukar marasa lafiya da na aikin rigakafi da na malaman gona, su ne suka fi shiga hanyoyi marasa kyau, kuma amanar jama'a ce. Muna kira ga jami'an da ke kula da su da su tanadi littafin da direba zai rubuta duk wani karo, komai ƙanƙantarsa. Direban da ya kawo rahoto da gaskiya a saurare shi da adalci, domin tsoron hukunci ne ke sa a ɓoye ɓarna, a kai mota wurin mai walda da dare. Kafin a biya kuɗin gyara, a nemi ganin tsofaffin sassan da aka cire da takardar awon alaimen, a kuma nemi jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, su duba motar kafin ta koma aiki.

Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshinmu su ne suka fi kowa sanin motar da ta yi karo. Muna roƙon su da kada su ba irin wannan mota layi sai an tabbatar da gyaran ƙafarta. Shugabannin kanikawa kuma su tsawata wa yaransu game da gasa ƙarafan sitiyari. Bakaniken da ya ce wa mai mota, "Alhaji, wannan ba ya gyaruwa, sai dai a canza," ya yi masa alheri ko da ransa ya ɓaci a lokacin.

Game da inshora, a watan Janairun 2023 ne Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa ta mayar da kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, tare da ɗaga diyyar ɓarnar dukiyar wani zuwa naira miliyan 3. Wannan inshora tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne, ban da motar mai inshorar. Saboda haka wanda aka daki motarsa kada ya yi gaggawar karɓar kuɗin fenti a bakin titi a rabu. A ɗauki hoto, a sami rahoton 'yan sanda, a bari bakanike ya duba ƙafa tukuna. Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni da ake kawo wa irin wannan sulhu, muna fatan za su riƙa sa binciken ƙafa da sitiyari cikin sharuɗɗan sasantawa, don kada a dawo gabansu da sabuwar rigima bayan mako biyu.

Kammalawa

A taƙaice, duk motar da ta yi karo a duba ƙafarta kafin a duba fentinta, a auna hagu da dama, a canza abin da ya lanƙwashe, a yi alaimen a ƙarshe. Mai shirin sayen motar hannu ma ya tafi da tef ɗin awo da bakaniken da ya amince da shi. Motar haya ɗaya tana ɗauke da magidanta da mata da ɗalibai daga gidaje da yawa, kuma babu wanda ke leƙa ƙarƙashinta kafin ya shiga, sun dogara ne ga amanar direba da ta bakanike. Muna roƙon waɗanda suka karanta wannan bayani da su isar da shi ga direbobi da kanikawan garuruwansu. Allah Ya kiyaye mu daga haɗurra, Ya kai kowa gida lafiya, amin.